Tambayoyi da amsoshi: daga ina tsofaffin motocin gudun Italiya suka samo surarsu?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsohuwar Ferrari ko Lamborghini ya san akwai wani abu a jikinsu da ba a samu a sauran motoci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mutane suka fi yi a kan asalin wannan sura: su waye suka zana ta, daga ina suka kwaso dabarunsu, kuma me ya tilasta musu yin ta haka.

Waɗanne motoci ake nufi idan an ce tsofaffin motocin gudun Italiya?

Galibi ana nufin waɗanda aka ƙera daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajen ƙarshen shekarun 1980. A farkon layi akwai Cisitalia 202 ta 1947, a ƙarshensa kuma Ferrari F40 ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya sa wa hannu kafin mutuwarsa a 1988. A tsakani akwai Alfa Romeo, Maserati, Lancia, Lamborghini, De Tomaso, da wasu ƙananan kamfanoni da suka yi tashe na ɗan lokaci suka mutu. Mafi yawansu kujeru biyu gare su, gajeru ne ƙwarai, kuma an yi su ne don gudu, ba don ɗaukar iyali da kaya ba.

Me ya sa duk daga arewacin Italiya suka fito?

Saboda can masana'antu da kuɗi suke. An kafa Fiat a Turin a 1899, Lancia a garin a 1906, kamfanin da ya zama Alfa Romeo kuma a Milan a 1910. 'Yan'uwan Maserati sun buɗe garejinsu a Bologna a 1914, daga baya kamfanin ya koma Modena. Ferrari tana Maranello, Lamborghini tana Sant'Agata Bolognese, kuma tsakanin garuruwan nan biyu tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota. Aikin sai ya rabu gida biyu: yankin Modena da Bologna ya shahara da inji, Turin da Milan suka shahara da bodi. Makaniki ko mai zane zai iya barin wannan kamfani yau, gobe ya kama aiki a na maƙwabta ba tare da ya tashi daga gidansa ba, shi ya sa dabara ba ta daɗewa a ɓoye.

Da gaske ne ba Ferrari ce take zana motocinta ba?

Da gaske ne, kuma wanda bai gane wannan ba ba zai gane sauran labarin ba. Shekaru da yawa abin da kamfanin mota yake ƙerawa shi ne inji, giya, shasi da ƙafafu. Bodi aikin wasu mutane ne daban, masu gidajen da ake kira carrozzeria. Kamar dai yadda ake sayen babbar mota kai da shasi kawai, a kai ta wurin kafintoci su ɗora mata bodin katako gwargwadon aikin da za ta yi.

Sana'ar waɗannan gidaje ta girmi mota kanta. Castagna ta Milan ta fara da ƙera keken doki tun tsakiyar ƙarni na 19. Giovanni Bertone ya buɗe shagonsa a Turin a 1912 yana gyara da ƙera amalanken dawakai. Zagato ta zo a 1919, Touring a 1926, sai Battista Farina, wanda ake yi wa laƙabi da Pinin, ya bar kamfanin yayansa ya kafa nasa a 1930. A 1961 gwamnati ta amince ya haɗe laƙabin da sunan gidansu, ya zama Pininfarina.

Ferrari ta farko, 125 S, ta fito a 1947, kuma a shekarun farko Enzo yana kai shasinsa duk inda ya ga dama: Touring, Vignale, Ghia. Mota iri ɗaya sai ka ga ta fito da fuska uku ko huɗu. Abin ya canza a 1951, lokacin da shi da Pinin Farina suka yi niyyar haɗa kai. Kowannensu yana ji da kansa, babu wanda ya yarda ya taka zuwa ofishin ɗan'uwansa, sai aka shirya su haɗu a wani gidan abinci a Tortona, garin da ke tsakanin Turin da Modena. Daga nan Battista ya damƙa wa ɗansa Sergio hulɗar Ferrari, kuma kusan duk Ferrarin hanya da aka yi cikin shekaru sittin da suka biyo baya daga teburin Pininfarina ta fito. Lamborghini kuwa Bertone ta fi riƙewa.

Amfanin wannan rabon aiki shi ne gasa. Gidan bodi ba shi da inji da zai yi taƙama da shi, sura ce kaɗai hajarsa. Kowace shekara sai ya kai sabon abu kasuwar baje kolin motoci ta Turin ko Geneva ko Paris, in ba haka ba abokan hamayya su kwashe masa ciniki. A 1946 Faransa ta hana Italiyawa shiga bajen kolin Paris saboda ɓangaren da suka bi a yaƙi. Pinin Farina da ɗansa suka tuƙo motoci biyu, Alfa Romeo da Lancia, tun daga Turin, suka wanke su suka ajiye a bakin ƙofar zauren, jama'a suka yi ta taruwa a kansu.

Yaya ake yin bodin a lokacin, tunda babu kwamfuta?

Da guduma. Mai zane yana fitar da hoton motar a takarda, daga nan a zana ta da cikakken girmanta a allo, sai kafintoci su sassaƙa ƙwaryar motar da katako. Wannan ƙwarya ita ce ma'auni. Maƙerin bodi, irin wanda muke kira fanel bita, zai ɗauki falle na alminiyam, ya ɗora a kan buhun yashi ko kututturen itace mai rami, ya yi ta bugu yana juyawa har ƙarfen ya lanƙwashe. Sai ya ɗaga ya kifa a kan katakon ya duba inda ya zauna da inda ya ɗage, ya shafa da tafin hannu, ya koma ya ci gaba da bugu. Madigadi ɗaya na iya zama falle uku ko huɗu da aka yi wa walda aka goge har layin haɗin ya ɓace.

Sergio Scaglietti na Modena, wanda ya yi wa Ferrari bodin motocin tsere da yawa, an san shi da rashin damuwa da zanen takarda. Yakan lanƙwasa siraran wayoyin ƙarfe a kan shasin, ya tsaya ya kalla, ya gyara da ido, sannan a buga alminiyam a kansu. Shi ya sa masu gyaran waɗannan motoci a yau sukan tarar gefen dama da na hagu ba su yi daidai ba ƙwarai, kuma ƙofar wata ba ta shiga jikin 'yar'uwarta.

Wannan hanya ta yi tasiri a kan surar kanta. Alminiyam da guduma sun fi son lanƙwasa mai laushi, wadda ke tafiya a hankali daga hanci zuwa wutsiya. Kuma da yake ba a kashe maƙudan kuɗi wajen yin manyan injinan matse ƙarfe ba, canza fasali ba ya da tsada. Kamfanin Amurka da zai buga mota dubu ɗari biyar dole ya yi taka-tsantsan. Wanda zai yi talatin kuwa yana iya gwada duk abin da ya zo masa a rai.

Ana cewa jiragen sama sun yi tasiri. Ta yaya?

Ta hanyoyi biyu: rage nauyi da yanka iska. Ugo Zagato ya yi aiki a masana'antar jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma da ya buɗe gidansa sai ya kawo tsarin ginin jirgi cikin mota, wato ƙashi mara nauyi da fata ta alminiyam, a lokacin da sauran ke amfani da katako mai kauri. Touring ta ci gaba da wannan tunani a tsakiyar shekarun 1930 da tsarin da ta kira Superleggera: ana haɗa keji na siraran bututun ƙarfe a siffar motar, a lulluɓe shi da alminiyam. Har Turawan Ingila suka zo suka saya, domin Aston Martin DB4 ta 1958 da wannan tsari aka gina ta, kuma Touring ce ta zana ta.

A ɓangaren iska, tun 1914 Castagna ta yi wa wani basarake bodi mai siffar ɗigon ruwa a kan shasin A.L.F.A., kamfanin da ya zama Alfa Romeo. Bayan yaƙi na biyu an takura wa Italiya wajen ƙera jiragen yaƙi, mutane da yawa masu ilimin jirgi suka koma kan abin hawa na ƙasa. Babur ɗin Vespa ma injiniyan jirgi ne ya tsara shi a 1946, Corradino D'Ascanio. Franco Scaglione, wanda ya fara karatun injiniyan jirgin sama kafin yaƙi ya katse shi, ya zana wa Bertone motocin gwaji uku a kan shasin Alfa Romeo, BAT 5, BAT 7 da BAT 9, a 1953, 1954 da 1955. Fikafikan bayansu sun lanƙwaso ciki, kuma ba ado ba ne kawai, gwaji ne na yadda iska ke barin jikin mota. Shi ne kuma ya zana Alfa Romeo 33 Stradale ta 1967, wadda a ganina babu motar zamanin da ta fi ta kyau. Shasi 18 kacal aka yi.

Me ya sa wasu ke da baya kamar an datse shi da wuƙa?

Wannan daga Jamus ya zo. Masana sun daɗe da sanin cewa siffar ɗigon ruwa mai doguwar wutsiya ce ta fi ratsa iska, amma doguwar wutsiya nauyi ce kuma ba ta da amfani a titi. A shekarun 1930 Wunibald Kamm da abokan aikinsa suka nuna cewa idan bodin ya fara tsukewa aka datse shi kwatsam, iskar na wucewa kusan kamar wutsiyar na nan. Italiyawa suka ɗauki abin da gaske a farkon shekarun 1960. Ercole Spada na Zagato ya datse bayan Alfa Romeo Giulietta SZ, ya sake yi a Giulia TZ ta 1963, kuma Ferrari 250 GTO ta 1962 ma haka bayanta yake, da ɗan leɓe a sama da ke danne motar ƙasa.

Wace mota ce ta fara kawo wannan salo?

Idan dole a ambaci guda, Cisitalia 202 ce. Kafin ita, mota tarin sassa ce: bonet daban, madigadi daban, fitilu a tsaye a kan sanda, matakala a gefe. Pinin Farina ya narkar da su duka cikin jiki ɗaya, ya sauke bonet ƙasa da madigadi, ya bar gefen motar sumul babu tarkacen ado. Injinta na Fiat 1100 ne da aka ƙara wa ƙarfi, ba wani abin a-zo-a-gani ba. Amma a 1951 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya baje ta cikin motoci takwas da ya zaɓa, kuma a 1972 ta shiga cikin kayan gidan na dindindin. Ka kalli Lancia Aurelia B20 ta 1951 da Ferrarin shekarun 1950, za ka ga jininta a jikinsu.

Wace rawa tsere ya taka?

Babba, musamman tseren kan titin jama'a. Targa Florio ta fara a duwatsun Sicily a 1906. Mille Miglia kuma, daga Brescia zuwa Roma a dawo, kusan kilomita 1,600, an yi ta daga 1927 zuwa 1957. Motar da za ta ci irin wannan tsere dole ta zama mara nauyi, mai iya kwana a lungun dutse, kuma direba ya iya jure zama a cikinta fiye da awa goma. Daga nan aka samo motar da ake kira Gran Turismo ko GT: rufaffiya, mai gudu, wadda za ka yi tsere da ita ranar Lahadi ka je ofis da ita ranar Litinin. Wani abin dariya shi ne lokaci mafi sauri a tarihin Mille Miglia ba na Italiyawa ba ne. Stirling Moss ɗan Ingila ne ya kafa shi a 1955 da Mercedes. An daina tseren bayan hatsarin 1957, inda tayar Ferrarin Alfonso de Portago ta fashe, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara.

Abubuwa da yawa da ake yabawa a matsayin ado, buƙatar tsere ce ta haife su. Madigadin gaba na Ferrari 250 Testa Rossa ta 1957 an raba shi da hanci ne don iska ta shiga ta sanyaya birki. Ƙusumbi biyu da Zagato ke yi a rufin mota don hular kwanon direba da ta abokinsa su sami wuri ne, ba tare da an ɗaga rufin gaba ɗaya ba. Ita kuwa 250 GTO babu wani mai zane da ya zauna ya ƙawata ta. Injiniya Giotto Bizzarrini ne ya fara ta yana gwaji a filin tsere, bayan ya bar Ferrari a wani rikici da aka yi a kamfanin a 1961 sai Mauro Forghieri da Scaglietti suka ƙarasa. An yi 36 kawai masu injin lita 3, sun ci gasar duniya ta ajinsu a 1962, 1963 da 1964, kuma a 2018 an yi gwanjon guda a kan sama da dala miliyan 48.

Me ya sa ja?

A da kowace ƙasa tana da launinta a tsere: Faransa shuɗi, Birtaniya kore, Jamus fari sannan ruwan azurfa, Italiya ja. Galibi ana danganta jan da nasarar da Yarima Scipione Borghese ya yi da motar Itala a tseren Peking zuwa Paris na 1907. Ke nan launin ƙasa ne, Alfa Romeo da Maserati sun sa shi tun kafin a san Ferrari.

Doki, bijimi, mashi mai baki uku: ina aka samo tamburan?

Dokin Ferrari na jikin jirgin Francesco Baracca ne, matuƙin jirgin yaƙin Italiya da aka kashe a 1918. Enzo ya ce mahaifiyar Baracca ce ta ba shi shawarar ya sa dokin a motocinsa, shi kuma ya ƙara rawaya a bayansa, launin garin Modena. Mashin Maserati daga mutum-mutumin da ke dandalin tsakiyar Bologna aka kwaikwayo shi. Alfa Romeo ta haɗa jan gicciyen Milan da macijin gidan sarautar Visconti. Ferruccio Lamborghini, mai kamfanin tarakta da ya shiga harkar mota a 1963, yana sha'awar bijiman wasan Sifaniya, kuma sunan Miura na wani gidan kiwon irin waɗannan bijimai ne a yankin Seville. Maserati ta fi son sunayen iskoki: Ghibli zazzafar iskar Sahara ce a Libiya, Khamsin kuma ta Masar.

Me ya sa surar ta canza gaba ɗaya a tsakiyar shekarun 1960?

Saboda inji ya tashi daga gaba ya koma bayan direba. Muddin injin silinda 12 na gaba, dole bonet ya yi tsawo, direba ya koma can kusa da tayar baya. Ita ce surar da ake gani a 250 GTO da Ferrari Daytona ta 1968. Ƙaramin kamfanin Cooper na Ingila ne ya nuna wa duniya amfanin inji a tsakiya, da ya ci gasar Formula 1 a 1959 da 1960. Ana yawan ruwaito cewa Enzo Ferrari ya ƙi abin da farko, yana cewa doki jan amalanke yake yi, ba tura shi ba. Duk da haka a 1961 motarsa ta Formula 1 ta bi sahu, ta kuma ci gasar.

A motar hanya Lamborghini ce ta girgiza kowa. Matasa uku, Gian Paolo Dallara, Paolo Stanzani da Bob Wallace ɗan New Zealand, sun ɗauki injin silinda 12 da Bizzarrini ya tsara, suka kwantar da shi a gicciye a bayan kujeru, suka haɗa shi da giya a gida ɗaya suna shan mai ɗaya. Wannan dabara irin ta ƙaramar motar Mini ce ta Ingila, motar talakawa. An nuna shasin tsirara a Turin a ƙarshen 1965, Nuccio Bertone, mai gidan Bertone a lokacin, ya karɓi aikin bodi ya ba wani sabon ma'aikacinsa ɗan shekara 27, Marcello Gandini, kuma a watan Maris na 1966 Miura ta bayyana a Geneva. Tsayinta daga ƙasa bai wuce mita ɗaya da 'yan santimita ba. Fitilunta na gaba na ƙaramar Fiat 850 Spider ne, an kwantar da su an kewaye su da baƙaƙen ƙarafa kamar gashin ido. Gaba da baya kowanne yana ɗagewa gaba ɗaya, ka ga taya da inji da komai a fili.

To masu kaifi kamar bakin gatari fa, irin Lamborghini Countach?

Da inji ya bar gaba, babu abin da ya hana hanci ya sauka har ƙasa. Gandini ya gwada haka a Alfa Romeo Carabo ta 1968, wadda ƙofofinta ke ɗagawa sama, sannan a Lancia Stratos Zero ta 1970, mai tsayin santimita 84, wadda ta gilashin gaba ake shiga cikinta. A wannan shekarar Pininfarina ta fito da Ferrari Modulo, mai zane Giorgetto Giugiaro kuma ya biyo da Maserati Boomerang. Zamanin tafiya wata ne da jirage masu gudun fiye da sauti, kuma hakan ya fito a zanen. Countach ta fara bayyana a 1971, aka fara sayar da ita a 1974 har zuwa 1990. Motar farko da aka nuna sumul take, amma injin ya riƙa zafi, dole aka huda mata ramukan shan iska a gefe, irin waɗanda hukumar binciken jiragen saman Amurka ta ƙirƙiro, aka kuma ɗora akwatunan iska a kafaɗunta. Abin da yara suka riƙa liƙa hotonsa a bango gyaran matsala ne. Haka ma tsagogin gefen Ferrari Testarossa ta 1984: an mayar da lagireto gefe ne don zafin bututun ruwa ya daina gasa mutanen ciki, tsagogin kuma su rufe manyan ramukan.

Amurka fa? Ta ba da wani abu?

Ta ba da kuɗi, ta ba da buƙata, ta kuma ba da doka. Luigi Chinetti, wanda ya ci tseren Le Mans na Faransa da Ferrari a 1949, shi ne dillalin kamfanin a Amurka, kuma da shi da dillalin yammacin ƙasar suka nemi a yi buɗaɗɗiyar mota don masu kuɗin California, aka yi 250 GT California Spider a 1957. Dillali Max Hoffman ne ya matsa wa Alfa Romeo ta yi Giulietta Spider. De Tomaso, wanda mai shi ɗan Ajantina ne, ta sa injin Ford a Pantera ta 1971, kuma Ba'amurke Tom Tjaarda ne ya zana ta a gidan Ghia. Sai doka: ƙa'idar fitilu ta Amurka ce ta sa Daytona ta koma fitilu masu ɓuya a 1971, ƙa'idar bamba kuma ta liƙa wa kyawawan motoci da yawa baƙaƙen robobi masu muni. Gwamnatin Italiya ma ta taɓa sa hannu, da harajin kashi 38 cikin ɗari a kan motar da injinta ya wuce lita 2, abin da ya sa Ferrari ta yi 208 don kasuwar gida.

Gaskiya ne gadon manyan masu sassaƙa da zanen Italiya ne ya sa suka iya?

Ana yawan faɗin haka, amma ni ina ɗaukarsa da taka-tsantsan. Gaskiya ne a 1909 Filippo Marinetti ya wallafa sanarwar ƙungiyar masu fasahar da ke ɗaukaka gudu da inji, har ya fifita motar tsere a kan wani shahararren mutum-mutumin Girka. Gaskiya ne kuma kaka da mahaifin Giugiaro masu zanen bango ne. Sai dai yawancin mutanen nan a shago suka tashi. Battista Farina yana yaro ya shiga shagon yayansa. Scaglietti da gyaran motocin da suka yi hatsari ya fara. Leonardo Fioravanti, mai Daytona, injiniya ne da ya karanci iska a jami'ar fasaha ta Milan. Abin da suka gada shi ne ido mai sanin daidaito, da al'adar ubangida da almajiri a sana'ar hannu. Wannan ya fi kusa da gaskiya fiye da jingina komai ga masu zanen ƙarni na 16.

Akwai wata alaƙa tsakanin waɗannan motoci da waɗanda muka sani a nan?

Akwai, kuma ta kusa. Peugeot ta daɗe tana hulɗa da Pininfarina tun daga 403 ta 1955. Fijo 404 ta 1960 zanen Pininfarina ce, 504 ta 1968 ma da hannunsu, kuma mutumin da ake danganta ta da shi, Aldo Brovarone, shi ne wanda ya fara zana Dino ta Ferrari. Ke nan 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda ta yi jigila tsakanin Kano da Maiduguri da Zinder shekara da shekaru, daga ɗaki ɗaya ta fito da Ferrari. Giugiaro kuma, bayan Maserati Ghibli, shi ya zana Golf ta farko a 1974, kakar waɗanda ake haya da su yanzu, da Hyundai Pony, motar da Koriya ta Kudu ta fara fita da ita kasuwar duniya.

Ba su da aibu ne?

Suna da shi, da yawa. Ƙarfe da alminiyam ba sa jituwa idan danshi ya shiga tsakaninsu, don haka motocin Superleggera suna ruɓewa daga ciki. Tankin Miura a gaba yake, yayin da mai ke raguwa hancin na yin sauƙi ya fara ɗagawa a babban gudu. Direban Countach ba ya ganin baya, shi ya sa aka saba ganin mutum ya ɗaga ƙofa ya zauna a bakinta yana leƙe kafin ya yi ribas. Cikinsu zafi, kulocinsu tauri, wayoyin wuta kuwa sai addu'a. Dogon mutum yakan tuƙa su kai a karkace.

Ina gidajen bodin suke yanzu?

Abin da ya raya su shi ya tafi. Da kamfanoni suka koma yin mota wadda shasi da bodi abu ɗaya ne, babu sauran tsiraran shasi da za a kai wa maƙeri. Dokokin kare rai a hatsari sun sa kowace sabuwar sura tana buƙatar gwaji mai tsada, kamfanonin kuma suka buɗe ɗakunan zane nasu. Touring ta rufe a 1966, sai daga baya aka farfaɗo da sunan. Ford ta saye Ghia a farkon shekarun 1970, har sunan ya koma ɗan tambari a bayan motocin Ford. Ferrari ta haɗiye Scaglietti. Bertone ta karye a 2014, Mahindra ta Indiya ta sayi Pininfarina a 2015, Zagato kuma tana nan tana yin motoci ƙalilan ga masu hali. Ferrari kanta tun daga LaFerrari ta 2013 ma'aikatanta ne ke zana mata mota a Maranello, ƙarƙashin Flavio Manzoni.